Takardar da Muka Ɓoye a Cikin Rajista



Kwamitin walwala ne ya ɗora mana nauyin wannan jawabi, ba don mun karanci aikin likita ba, domin kowa a nan ya san iyakarmu kwalejin ilimi da alli da allo. Dalili shi ne, muna cikin malamai huɗu na wannan reshe da aka taɓa yi wa gwajin leƙa ciki, wanda likitoci ke kira endoskofi. Mun zauna mu huɗun, mun haɗa abin da ya same mu da abin da muka tambayo wajen ma'aikatan asibiti. Saboda haka da yawun mu duka ake wannan magana.

Bara muka rasa wani abokin aikinmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Bayan an share makoki, waɗanda suka je kwashe kayansa daga aji sun tsinci wata takarda a naɗe cikin tsohuwar rajista. Takardar likita ce da ta tura shi babban asibiti a leƙa cikinsa, kwanan watan da ke jikinta ya haura shekara. Ba mu ce da ya je da yana nan ba, rai da ajali na Allah ne. Amma da labarin takardar ya zo mana, mu huɗun nan jikinmu ya yi sanyi, domin kowannenmu ya taɓa yin irin wannan ɓoyo. Wani ya riƙe tasa wata biyar a aljihun jaka, wata ta sa tata ƙarƙashin katifa har sai da ta yi aman jini a bakin aji. Da ka tambaye mu a lokacin, sai mu ce rashin kuɗi ne, ko jarrabawa ta matso, ko babu mai riƙe mana aji. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babban dalilin tsoro ne. An ce mana za a zura roba ta baki har cikin tumbi, babu kuma wanda ya zaunar da mu ya bayyana mana yadda abin yake. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan duhu muke so mu ɗan yaye a yau.

Ciwon ciki ba baƙo ba ne a tsakanin malamai. Mu kan fita tun da sassafe, mu yini a tsaye, baya da gwiwa su yi tsami, da yamma mu biya ta kemis mu karɓi maganin ciwon jiki. Idan ƙirji ya ɗau zafi mu jiƙa kanwa, ko mu kurɓi madara, ko mu sayi ƙulli wajen mai talla da lasifika a tasha. Duk abin da ya murɗa mana ciki sunansa olsa, kuma mun ɗora laifin a kan yunwa da yaji. Likitoci kuwa sun nuna cewa manyan abubuwan da ke haddasa gyambon ciki guda biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, da ke zama a jikin bangon tumbi, wadda kusan rabin mutanen duniya ke ɗauke da ita, galibi tun suna yara. Na biyu magungunan kashe zafi ne irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda yawan shansu ke cinye bangon tumbi a hankali. Yunwa da yaji suna iya tayar da zafin, amma ba su ne tushen gyambon ba.

Ba kowane mai ƙwannafi ake tura wa wannan gwaji ba. Likita kan nemi a yi shi idan ciwo ya ƙi jin magani, ko abinci yana tsayawa a ƙirji, ko haɗiya na yin zafi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an ga jini a amai, ko bahaya ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko jini yana ta ƙaranci ba a san inda yake tafiya ba. Haka nan masu daɗaɗɗen ciwon hanta, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, akan duba su saboda jijiyoyin jini na hanyar abinci kan kumbura, su fashe ba zato. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, maganarsa ta wuce kanwa da mai lasifika.

To mene ne shi wannan gwaji? Da farko, ba tiyata ba ce: ba a yanka, ba a ɗinki, galibi ba a kwana a asibiti. Ba kuma sikanin ba ne da ake shafa mai a goga na'ura a kan fata. Na'urar wata doguwar roba ce mai laushi, mai lanƙwasuwa, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. A bakinta akwai fitila da ƙaramar kyamara, abin da ta gani yana fitowa a allon talabijin gaban likita. Ana bi da ita ta baki, ta gangara hanyar abinci, ta shiga tumbi, ta leƙa farkon ƙaramin hanji, sannan a jawo ta. Yawanci aikin kan ɗauki minti 5 zuwa 15, wato bai kai rabin darasi guda ba. Akwai wani gwajin ɗan uwansa da ake yi ta dubura don duba babban hanji, shirinsa daban ne, ba shi muke magana a kai ba yau. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Jos da na Maiduguri, suna da sashen wannan aiki, haka ma wasu asibitocin kuɗi.

Mu malamai mun san ɗan tarihi yana kwantar da hankalin ɗalibi. A shekarar 1868 wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul ya yi ƙoƙarin leƙa tumbin mutum da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, sai da ya nemo mai wasan haɗiye takobi kafin ya samu wanda zai iya jurewa. A 1957 Basil Hirschowitz, likita haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Mishigan ta Amurka, shi da abokan aikinsa suka ƙera na'ura mai lanƙwasuwa, kuma shi ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya gwada a kan majiyyaci. A farkon shekarun 1980 kuma, a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall suka gano ƙwayar cutar nan da muka ambata a cikin ɗan naman da ake tsinkowa lokacin wannan gwaji. Da likitoci suka ƙi yarda, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu da kumburin tumbi, aka leƙa cikinsa aka tabbatar. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka kawo mana wannan ilimi sun fara ɗanɗana shi a maƙogwaronsu, kuma abin da ake sa mana a yau ya yi nesa da bututun ƙarfen Kussmaul kamar nisan sama da ƙasa.

Shiri yana farawa tun ranar da aka ba ka rana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita duk maganin da ake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Mai ciwon sukari ya faɗa, domin za a daidaita masa magani saboda zaman da zai yi ba ci, kuma akan so a sa shi cikin na farko da safe. Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko clopidogrel ko asfirin, ya faɗa, kada kuma ya daina sha da kansa sai likita ya ce. Mai ciwon zuciya ko asma, da mai juna biyu, da wanda wani magani ya taɓa yi wa illa, duk su faɗa. Idan ana son neman ƙwayar cutar nan, akan ce a dakatar da maganin rage tsamin ciki irin omeprazole na mako biyu kafin ranar, don kada ya ɓoye ta. Wannan ma umarnin likita za a bi.

Dole tumbi ya zama fayau. Akan hana cin abinci na awa 6 zuwa 8 kafin gwajin, wasu asibitocin kan yarda a kurɓi farin ruwa har zuwa awa 2 kafin lokaci. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Ɗayanmu ya sha koko da asuba yana cewa ai ruwa-ruwa ne, aka mayar da shi gida, ya yi asarar kuɗin mota da hutun yini guda. Dokar ba ta mugunta ba ce: abinci yana rufe wa likita gani, kuma idan amai ya taso yana iya faɗawa hanyar numfashi. Wanda ya saba da azumi, wannan ba zai gagare shi ba. A sa tufafi marasa matsi, a tafi da ɗan rakiya babba mai hankali, a kuma tambayi kuɗin aikin tun da wuri, har da na binciken ɗan nama idan an tsinko, da ko inshorar lafiyar ma'aikata za ta ɗauki wani kaso.

Idan an isa, za a auna jini, a yi tambayoyi, a ba ka takardar amincewa ka sa hannu. A nan ne wurin tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Za a ce ka cire tabarau da haƙoran roba, ka kuma nuna idan akwai haƙori mai girgiɗi. 'Yan uwa mata, wannan tambaya ta dami malamar da ke cikinmu ƙwarai, ga amsarta: a gwajin da ake yi ta baki ba a tuɓe tufafi, fuska da hannu kawai ake buƙata, sai dai a sassauta abin da ya matse wuya. Babu laifi a nemi ma'aikaciyar jinya mace ta tsaya kusa.

Hanyar rage wahala iri biyu ce. Ta farko, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro. Yana da ɗaci, bayan ɗan lokaci kuma za ka ji wuyan ya yi nauyi kamar ya kumbura. Bai kumbura ba, mutuwa ce kawai fatar wurin ta yi na ɗan lokaci. Ta biyu, a yi allura a jijiyar hannu mai sa kasala da gyangyaɗi. Ba irin barcin tiyata ba ne, kana iya jin magana sama-sama, amma da yawa ba sa tuna komai bayan sun wartsake. Biyu daga cikinmu feshi kawai aka yi musu, biyu kuma har da allura. Mai tsananin fargaba ya faɗa tun ranar da ake ba shi rana, a tattauna wadda ta dace da lafiyarsa.

Za ka kwanta ta gefen hagu. Za a maƙala maka wani ɗan abu a yatsa mai nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini, a sa maka wata 'yar roba mai huda tsakanin haƙora don kada ka ciji na'urar. Daga nan likita zai sa bakin na'urar a kan harshe, ya ce ka haɗiya. Ba za mu yi muku ƙarya ba, nan ne wurin da ya fi wuya. Za ka yi kakari, ido ya kawo ruwa, zuciya ta ce maka tashi ka gudu. Mu huɗun mun yi ittifaƙi cewa wannan 'yan daƙiƙoƙi ne, da zarar ta wuce maƙoshi abin ya yi sauƙi. Likita zai hura iska don tumbi ya buɗe, za ka ji ciki ya cika, gyatsa ta yi ta fitowa da ƙara. Kada ka ji kunya, a ɗakin nan gyatsa ba rashin ladabi ba ce. Miyau ma a bar shi ya zuba a kan tawul, kada a yi ƙoƙarin haɗiye shi, nas tana da abin zuƙe shi.

Babban tsoron da ya hana mu barci shi ne kada numfashi ya toshe. A nan sai mu tuna darasin kimiyya da muke koya wa 'yan aji biyar: hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Na'urar hanyar abinci take bi, hanyar iska tana nan a buɗe tun daga farko har ƙarshe, ga kuma abin da ke yatsa yana shaida wa ma'aikata halin da kake ciki. Tsoro na biyu shi ne zafi. Abin da aka fi ji takura ce da cikar ciki, ba raɗaɗi ba. Ko da likita ya tsinko ɗan nama, wanda bai fi ƙwayar gero ba, ba a jin zafin tsinkowar. Tsoro na uku shi ne ɗaukar cuta daga wani majiyyaci. Ƙa'idar aikin ita ce a wanke na'urar, a tsoma ta cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum, kuma kana da ikon tambayar yadda suke yi. Haɗari irin su zubar jini ko hujewar hanya suna iya faruwa, shi ya sa ake sa hannu, amma ba kasafai ake samunsu ba a gwajin dubawa kawai.

Ga abubuwan da suka taimake mu, mun kawo muku su yadda muka gwada su. Tun kwana uku kafin ranar, a riƙa kwanciya ta gefen hagu ana koyon numfashi: a ja iska ta hanci a hankali ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ana ƙirga shida. Abin da jiki ya saba da shi a gida, shi zai tuna a kan gadon asibiti. Kafin a fara, a yi yarjejeniya da likita cewa idan ka ɗaga hannu zai dakata. Ba wanda ya ɗaga a cikinmu, amma sanin cewa akwai wannan dama ya rage rabin fargabar. Kada a kai hannu a fizgi na'urar. A ba zuciya aikin yi: ɗayanmu ya yi ta kiran sunayen 'yan ajinsa bi da bi kamar yana kiran rajista, bai kai ƙarshe ba aka ce an gama. Wata kuma addu'o'in da ta haddace ta riƙa maimaitawa a ranta. A kuma guji masu ba da labarin ban tsoro a layin jira da a waya, galibinsu ji suka yi, ba gani ba. Wanda fargaba ta hana shi ci da barci kwana da kwanaki, ya gaya wa likita ƙarara. Faɗar tsoro ba ragwantaka ba ce. Mu da kanmu mun fi son yaron da ya ce bai gane ba a kan wanda ya sunkuyar da kai ya yi shiru.

Bayan an gama za a bar ka ka huta. Kada a ci ko a sha komai sai mutuwar maƙogwaro ta sake, abin da kan ɗauki kamar awa guda, sannan a fara da kurɓar ruwa. Ɗan kaikayin wuya da kumburin ciki na yini ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Wanda aka yi wa allura kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya sa hannu a wata muhimmiyar takarda, kada kuma ya koma aji, sai bayan awa 24, ko da yana jin ya wartsake. Amma idan aka ji matsanancin ciwon ƙirji ko na ciki, ko zazzaɓi, ko wahalar numfashi, ko aka ga aman jini ko baƙin bahaya, a koma asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Saura tsoro na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, wanda muke zaton shi ne ya sa takardar nan ta kwana cikin rajista: idan aka leƙa aka ga mugun abu fa? Likita kan faɗi abin da idonsa ya gani a ranar, sakamakon ɗan naman kuwa sai bayan kwanaki ko makonni. A sa ɗan rakiya ya saurara tare da kai, a kuma karɓi rahoton a rubuce. Tsinko nama ba ya nufin ana zargin ciwon daji, sau da yawa ƙwayar cutar nan ake nema. Mu huɗun nan, biyu gyambo aka samu, aka ba su haɗin magunguna na kamar mako biyu don kashe ƙwayar, da na rage tsami na wasu makonni. Ɗaya tsamin ciki ne ke hawowa ƙirji. Ɗaya kuwa ba a ga komai ba, ya dawo gida ya yi barcin da ya rabu da shi wata biyar. Mun san ba kowa ne zai samu labari mai daɗi ba. Amma leƙawa ba ita ke kawo cuta ba, ƙin leƙawa kuma ba ya korar ta. Abin da ke ciki yana ciki, bambancin kawai shi ne ko an gan shi da wuri, lokacin da magani ke da ƙarfi a kansa, ko an gan shi a makare.

Malam Shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muna da roƙo uku ga wannan reshe. Na ɗaya, iyayenmu hedimastoci su ba malamin da ya nuna takardar likita hutun yini biyu ba tare da ja-in-ja ba, mu kuma abokan aikinsa mu raba darussansa a tsakaninmu. Na biyu, asusun walwala ya ware wani kaso na rancen gwajin asibiti da za a biya kaɗan-kaɗan daga albashi, domin mun fi saurin tara kuɗin ta'aziyya a kan kuɗin gwaji, ya kamata mu juya wannan lissafi. Na uku, mu huɗun nan mun ba da sunayenmu ga Sakatare. Duk wanda aka ba rana, ko matarsa ko mijinta ko mahaifinsa, ya neme mu. Za mu zauna da shi mu amsa tambayoyinsa, idan ya so kuma mu raka shi har bakin ƙofa.

Ga iyalanmu da ke zaune a nan, ku ne kuke ganin wanda ya rage cin tuwo, ku ne kuke jin juyinsa da dare. Kada ku yi masa gori, kada kuma ku taya shi ɓoyo. Ku tambaye shi ina takardar take, ku ce za ku tafi tare.

Kullum muna gaya wa yara cewa gudun jarrabawa ba ya sa a ci ta. Yau maganar ta dawo kanmu. Duk wanda ya san yana da takarda a naɗe cikin rajista, ko a jaka, ko ƙarƙashin katifa, muna roƙonsa idan ya koma gida ya ciro ta, ranar Litinin ya je ya karɓi rana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.